Jan Fenti a Hanyar Khaibar

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa wata ƙaramar mota ta wuntsila cikin duwatsu a hanyar Khaibar, direbanta ya rasu. Mutanen murur, masu kula da hanya, su suka fara isa. Da suka duba bayan motar sai suka nemi Sufeto Yahya Bakri.

Motar fara ce, sabuwa, ko ledar kujeru ba a cire ba. Sufeto Yahya ya tsuguna a bayanta. But ɗin ya lotsa daga sama, ga jan fenti ya goge a jiki.

"Ƙaramar mota ba ta kai nan," ya ce wa ɗan murur ɗin. "Babbar mota ce, jimis ko wata irinta."

Bai yi mamaki ba. Ya san halin masu manyan motocin nan: su manne wa na gabansu, su yi ta watsa masa fitila har ya sauka daga kwalta. Ya sha kwasar gawa a hanyar, ya sha faɗa wa na sama da shi, ba abin da ya canza.

Mamacin sunansa Haladu Maiturare, dattijo ne mai gonar dabino a Khaibar, gidansa kuma yana unguwar Al-Sih a cikin gari.

Matarsa, Hajiya Sabuwa, ta yi magana da Sufeto ta bayan labule. Ɗansu Sharfuddeen yana zaune a majalisi, ɗakin baƙi, idanunsa sun yi ja.

"Inna, Allah ya ba ki haƙuri. Yaushe ya sayi motar?"

"Ba a daɗe ba, ɗana. Tun da aka ƙara kuɗin banzin, man mota, yake ƙorafi. Kullum sai ya je gona, ya ce shi mahaɗɗar mai yake yi wa noma. Shi ne ya kai jimis ɗinsa ma'arad, inda ake sayar da motoci, ya ɗauko wannan."

"Wane launi ce jimis ɗin?"

"Ja ce, mai duhu."

Sufeto ya tuna da jan fentin da ya gani a but.

"Akwai wanda suka yi faɗa da shi?"

"Babu. Sai dai gardamar gida. Wannan yaron ya hana shi sakat, wai ya sayar da mutuncinsa ya sayo makara."

Sufeto ya juya ga saurayin. "Ina kake yau da safe?"

Da Hausa aka tambaye shi, ya amsa da Larabci. "Fid-dawam." Wato wurin aiki. Bai ɗago kai ba.

A mahaɗɗar ƙarshe, wato gidan mai na ƙarshe kafin a fita gari, wani Bahaushen Sudan ne mai suna Ali ke zuba mai.

"Ammi Haladu? Ya sha mai nan bayan asuba. Yana ta dariya, wai har tankin ya cika? Allah ya jiƙansa."

"Bayan shi fa?"

"Tsohuwar jimis ɗinsa ta shigo. Na san ta, na yi shekaru ina cika ta. Na ɗauka wanda ya saya ne."

"Ka ga fuskarsa?"

"Ya naɗe ta da shimagi, ƙyallen nan na kai, gilashi ma kaɗan ya sauke. Abu ɗaya ya ce: shayib ya wuce?"

"Tsoho ya tambaya ke nan."

"Shi. Na ce masa yanzun nan. Ko canji bai jira ba."

A ma'arad, dillalin wani mutumin Nijar ne, Abdou. Ya jawo kujera, ya aika a kawo shayi.

"Jimis ja? Ai ba ta kwana ba. Nan ko an ninka kuɗin mai, ba mai son ƙaramar mota. Samari cewa suke ta direbobin limozin ce, 'yan tasi. Wani Badawi ya saye ta, ya wuce Tabuk."

"Sunansa?"

"Wallahi ya ɓace min."

"Badawin Tabuk ne zai tsaya tambayar ko tsoho ya wuce?" Sufeto ya ture shayin gefe. "Ka ji ni, Abdou. Motar nan ta kashe mutum yau. Kai ne na ƙarshe da aka sani da makullinta. Ko ka faɗa min nan, ko ka faɗa a ofis."

Abdou ya share gumi.

"Ɗansa ne. Ya zo washegari ya ce ba zai ga motar gidansu a hannun wani ba. Ya roƙe ni kar uban ya ji. A unguwar Al-Khalidiyya yake ajiye ta, bayan ginin wani abokinsa."

A can suka same ta, an lulluɓe da tamfol. Ƙarfen gaban ya ɗan lanƙwashe, da farin fenti a jikinsa. Sufeto Yahya ya daɗe a tsaye yana kallo. Da ya so a ce labarin Badawin gaskiya ne.

Bayan la'asar ya koma Al-Sih da ɗan sanda guda. Ana ta shimfiɗa dardumomi a ƙofar gida saboda masu ta'aziyya. Ya ja Sharfuddeen cikin majalisi, ya ajiye makullin da ya karɓo wurin abokin a gabansa.

"Ba ka je aiki ba yau."

Sharfuddeen ya ƙura wa makullin ido.

"Ka san shi ne a gabanka?"

Wannan karon da Hausa ya amsa, Hausar da ba ta fita sosai.

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Ba ya jin magana. Na ce masa, Baba, hanyar nan ba ta ƙaramar mota ba ce, tirela ma iskarta kaɗai za ta jefar da kai. Ya ce mai ya yi tsada. Na ce ni zan riƙa zuba maka. Ya ƙi. Abokaina suna min dariya, wai ubanka ya koma limozin. Na ce bari in tsorata shi. In matsa masa kamar yadda ake yi, ya ji yadda abin yake, ya karɓi motarsa. Na yi masa fitila, ya ba ni hanya, na ƙi wucewa. Na ƙara matsawa. Sai ya taka birki."

"Ka tsaya?"

"Na tsaya. Na sauka." Muryarsa ta karye. "Ya gan ni. Ya ce, kai ne? Shi ke nan abin da ya ce. Na riƙe shi har ya daina numfashi. Sai na gudu."

Wani abu ya faɗi a bayan labule. Hajiya Sabuwa ta ji komai.

Ɗan sandan ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya kama hannun saurayin da kansa suka miƙe. Har sun kai ƙofa sai Hajiya Sabuwa ta fito, ba ta ko gyara mayafi ba. Takalman ɗanta ne a hannunta, don ƙafa ba komai zai fita. Ta ajiye a gabansa ba ta kalle shi ba.

"Sufeto," ta ce, "da magariba mutane za su cika gidan nan. Za su ce ina ɗansa, su yi masa gaisuwa. Me zan ce musu?"

Yahya Bakri ya sunkuyar da kai.

"Allah ya ba ki haƙuri, Inna," ya ce.

Sharfuddeen ya zura takalmansa. Suka bi ta tsakanin dardumomin zuwa mota, maƙwabta na matsa musu hanya, wasu har suna miƙo masa hannu don ta'aziyya.