Kwamfuta Mai Lamba Tara

Idan mutum ya yi shiru don ya rufa wa wani asiri, har shirun ya sa aka ɗauke shi mugu, gaskiya ya yi ko ƙarya? Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina, har yau ban samu amsarta ba. Abin da na sani shi ne labarin da ya jawo ta, kuma ya fara ne a laburaren unguwa, wata safiyar Talata, ana tsaka da ruwan sama.

Ta shigo lemarta na ɗiga, ta tsaya gaban teburin ma'aikacin laburaren. Saurayi ne dogo mai tabarau, wanda masu karatu ke kira Malam Shiru, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan.

"Malam, kuna da littafin gyaran keken ɗinki? Tsohon yayi, baƙin nan mai zanen ruwan zinariya."

Ya ɗago kai, ya manta da abin da yake rubutawa.

"A kan kanta babu. Amma zo mu duba."

Ya zaunar da ita a kwamfuta ta tara, ta bakin taga. Kafin ruwan ya ɗauke ya nemo mata littafin ta intanet a taskar wani laburare mai nisa, shafi-shafi, da zanen kowane ƙarfe. Ta ce mahaifinta za ta kai wa. Shekara talatin yana gyaran kekunan teloli, ita kuma ɗinki take yi.

"To ke me ya hana ki shiga darasin yankan kaya na intanet? Kyauta ne, a nan ake yi."

"Ni da na bar makaranta tun yaushe?"

"Kwamfutar ba ta tambaya."

Ta yi dariya har wani dattijo mai karanta jarida ya ɗago. Ranar ce ta farko da Malam Shiru bai ce wa kowa a yi shiru ba.

Daga nan kullum da safe kujerar tara tata ce. Ko ta makara, sai ta tarar ya ɗora wani ƙaton ƙamus a kai don kada wani ya zauna. Ya raɗa mata suna Lamba Tara. Saƙonni suka fara kai da komowa.

"Lamba Tara, yau kujerarki ta yi ta tambayata ina kike. Na ce mata ta yi haƙuri, ni ma haƙurin nake yi."

"Malam Shiru, ashe kana da baki haka? Gobe ina tafe. Ka gaishe min da ƙamus."

Akwai wani aiki da ya ɗauka da zuciya ɗaya. Yana bin tsofaffin masu sana'a, ya ɗauki bidiyon yadda suke aiki, ya jera shi darasi-darasi a shafin laburare, don wanda ba shi da mai koya masa ya samu. Ya ɗauki mai gyaran agogo, ya ɗauki mai ɗaurin littafi. Da ya je gaishe da mahaifinta karo na uku, bayan an san abin da ke kawo shi gidan, sai ya roƙi dattijon ya yarda a ɗauke shi.

Baba ya ajiye sukudireba, ya dube shi.

"Shekara biyu na yi ina share shagon maigidana kafin ya bar ni in taɓa keke. Kai kuma kana so wani ya kwanta a kan gado ya shanye ilmin a minti biyar? A'a. Abin da ke kaina, a kaina zai zauna."

"To, Baba. Allah ya huci zuciyarka."

Bai sake tayar da maganar ba. Ita ce abin ya tsaya wa a rai. Ta san yadda Baba ke kara kunne a jikin keke, ya juya shi sau biyu, ya faɗi ciwonsa tun bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ta kuma san abin da teloli ba su sani ba: hannunsa ya fara rawa. Wata rana ta laɓe bayan labulen shago, ta ɗauke shi da wayarta. Ta yanke farkon bidiyon, inda babu komai sai labule da yatsanta, ta tura wa Malam Shiru.

Amsarsa ba ta yi mata daɗi ba.

"Na gani, masoyiyata, kuma ban taɓa ganin gwaninta irin wannan ba. Amma ba zan saka ba. Bai yarda ba."

"Idan ya tafi da shi fa? Ba kai ke cewa ilmi na kowa ba ne?"

"Na kowa ne idan mai shi ya miƙa."

Kwana biyu ba ta zo laburare ba. A cikin kwanakin ne gilashin wayarta ya fashe, ta kai wa mai sayar da waya da ke jikin shagon Baba, wanda ya daɗe yana aiko mata da gaisuwa tana yi kamar ba ta ji ba.

Bayan mako ɗaya bidiyon ya bazu a wayoyin mutane, ba a san wanda ya fara saki ba. Wasu na yaba kunnen dattijon. Wasu kuwa hannun suka gani. Wani tela ya zo ya ɗauke kekensa da ya kawo gyara, yana cewa ya fasa, ba tare da ya iya haɗa ido da Baba ba. Mai waya ya leƙo, ya yi jaje, ya ce ai kowa ya san wanda ke yawo da kyamara a unguwar nan.

Baba ya aika a kira Malam Shiru. Ya zo ya durƙusa a tsakar gida, Mama na tsaye a bakin ƙofa, ita kuma tana ciki tana jin komai.

"Kai ka saka?"

"Ban saka ba, Baba."

"Ka san wanda ya ɗauka?"

Ƙarya ɗaya ƙarama za ta wadatar, amma bai iya ba.

"Na sani."

"To faɗa min."

"Ka yi haƙuri, Baba. Abin da mutum ya kawo min a wurin aiki, ko abin da ya karanta, ba na faɗa wa kowa. Haka aikin yake."

"Haka aikin yake! To ka je ka auri aikin. Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Da la'asar saƙonta ya shigo.

"Kai kaɗai na tura wa. Ka ce ba za ka saka ba. Da ka faɗa min gaskiya da ya fi min sauƙi."

Ya karanta sau uku. Bai rantse ba, bai yi dogon bayani ba. Ya buɗe rajistar da yake rubuta duk abin da ya shigo taskar laburare, ya ɗauki hoton layi ɗaya ya tura mata. Rubutunsa ne, ƙanana a jere: Gyaran keken ɗinki. Tsawo, minti huɗu da daƙiƙa goma. Izini, babu. Kada a saka.

A ƙasa ya ƙara: "Lamba Tara, duba tsawon wanda ke yawo."

Ta duba. Minti huɗu da daƙiƙa arba'in. Ta kunna shi daga farko, sai ga labule, ga yatsanta. Wannan bai taɓa fita daga wayarta ba, sai ranar da wayar ta kwana a shagon mai waya.

Ta zauna a bakin gado. Yanzu ta san wanda ya saki. Amma ba yadda za ta wanke Malam Shiru sai ta faɗi wanda ya ɗauka.

Da safe ta sami Baba a shago yana zuba mai a wani keke. Ta durƙusa.

"Baba, ni na ɗauka."

Bai juyo ba.

"Na ji tsoron kada abin da ka sani ya ɓace. Na tura masa, ya ƙi sakawa. Har fushi na yi da shi. Jiya kuma ya zaɓi ka kore shi da ya ambaci sunana."

Ta ba shi labarin wayar, ta nuna masa hoton rajistar. Baba ya daɗe yana kallon kalmar nan, babu. Sannan ya dubi hannunsa.

"Uwata, tun yaushe kika san yana rawa?"

"Tun bara, Baba."

"Kuma kika yi shiru."

"Kai ma ka yi shiru."

Ya ɗan murmusa, idonsa ya kawo ruwa. Bai yi wa mai waya faɗa ba. Ya daina amsa masa gaisuwa da fara'a kawai, kuma duk layin suka gane.

Ranar Alhamis masu karatu suka ga dattijo da man keke a rigarsa ya shigo laburare, ya tsaya gaban tebur. Malam Shiru ya miƙe har kujerarsa ta faɗi.

"Zauna. Tambaya na zo yi. Wata shida 'yata na zuwa nan. Me take karantawa a kwamfutar can?"

Saurayin ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka gafarce ni. Sai dai ka tambaye ta."

"Ko da zan sake korarka?"

"Ko da haka ne, Baba."

Dattijon ya yi dariya da ƙarfi, irin wadda ba a yi a laburare.

"Kai dai taurin kanka ya fi na tsohon keke. Ka turo manyanka."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Teloli suka cika layin, kowa na cewa shi ya ɗinka wa ango riga mafi kyau, alhali amaryar ce ta yanka ta da hannunta, da abin da ta koya a kwamfuta ta tara. Mama ta riƙe hannayensu biyu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su rufa wa juna asiri kamar yadda suka fara. Kowa ya ce amin.

A mota ango ya sunkuyo ya ce, "Lamba Tara."

"Yanzu ai Lamba Ɗaya ce, Malam."

"An gyara rajista."

Sati biyu bayan haka, da hantsi, suna laburare tare, sai ga Baba rungume da kan baƙin keke mai zanen ruwan zinariya. Ya dire shi a kan tebur yana haki.

"Ina takardar izinin nan taka?"

Surukin ya miƙo ta da biro. Baba ya sa hannu, rubutun ya karkace, bai damu ba. Ya zauna, ya naɗe hannun riga.

"Kawo kyamarar kusa. Ka ɗauki hannun yadda yake, da rawar da komai. Su ga ba da hannu kaɗai ake gyara ba."

Amarya ta share hawaye da gefen mayafinta. Baba ya dube su su biyu, ya ce Allah ya yi musu albarka. Sannan ya kara kunnensa a jikin keken, ya juya shi a hankali.

"To, ku saurara," in ji shi. "Kun ji wannan ƙarar?"