Lita Ɗaya ga Kowace Saniya

Tun kafin Insifekta Sha'aban ya sauka daga mota a rugar da ke bayan Udubo, wari ya tarye shi. Shanu tara ne a kwance matattu, cikkunansu sun kumbura, ƙudaje sai bidiri suke yi. Ya toshe hanci, ya tofar da yawu.

Mai shanun, Malam Ladan, ya miƙo masa galan. "Maganin tsutsar ciki ne, ranka ya daɗe. A shagon Alhaji Gali na saya, a Azare. Malamin dabbobi ya karanta takardar jikin galan ɗin, ya ce kowace saniya lita ɗaya."

A takardar an rubuta da biro: 50 mg/L.

Alhaji Gali kuwa, mutum ne mai bakin zuma. Daga babbar jarka yake ɗura magani a galan-galan yana sayarwa.

"Wallahi ban taɓa riƙe biro a shagon nan ba," in ji shi a ofishin 'yan sanda. "Khaulat, yarinyar shagona, ita ce mai rubutu, ita ta yi karatun kimiyya. Ai ni na kawo muku ita da kaina."

Haka ne, tun safe Khaulat ke bayan kanta, tana jiran a kai ta kotu. Sha'aban ya buɗe littafin aikinta. Shafi bayan shafi, mg/mL ta rubuta, tsaf.

"Mene ne bambancin?" ya tambaye ta.

"Yallaɓai, wannan miligiram hamsin ne a mililita ɗaya, abin da bai cika ƙaramin cokali ba. Wancan na jikin galan kuma a lita guda. Ninki dubu aka ɗura wa shanun." "Ranar da aka sayar da shi ma ina Chinade wajen jana'iza."

Sha'aban ya sa aka shigo da Alhaji, ya tura masa takarda da biro. "Rubuta mini: miligiram hamsin a kowace mililita."

Alhaji ya gyara hula, ya rangaɗa: 50 mg/L. Hannun nan dai na jikin galan, har da lanƙwasar biyar ɗin.

"Ina mililitar?"

"Haba Yallaɓai, lita da mililita ai duk ruwa ne! Yarinyar nan ce mai son tsawaita..." Sai ya saki biron.

Tir! Sha'aban ya ajiye galan ɗin kusa da takardar.

"Kai ka rubuta."

"Ni ne. Ranar kasuwa ce, mutane sun yi yawa. Na ce ita mace ce, ba za a tsananta mata ba."

Aka buɗe wa Khaulat, aka sa wa Alhaji ankwa. A bakin ƙofa Sha'aban ya tsayar da shi.

"Galan nawa ka rubuta ranar?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Goma sha huɗu."

Sauran suna can a wasu rugage. Sha'aban ya fizgi makullin mota.