Wayar da Aka Ɓoye a Cikin Tarwaɗa

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Rilwanu Ahmed gidan yari. An tsinci ƙaramar waya a cikin matashin kan wani fursuna, Haladu Bunu, masunci daga Auyo, wanda ke zaman shekara uku saboda faɗa a kan fadamar kamun kifi.

"Ka san dokarmu," in ji babban ganduroba. "Mai ziyara ya ajiye waya a ƙofa, ya ɗanɗana abincin da ya kawo, minti goma ya tashi. Mun dakatar wa Haladu ziyara wata uku. Wanda ya shigo da ita kuwa, sai kotu."

Sufeto ya jujjuya wayar. Babu layi a ciki. Ya kai ta hanci, ya ji ƙaurin banda.

Da aka kawo Haladu, bai ɗago kai ba. "A tsakar gida na tsince ta, Yallaɓai."

Rajistar baƙi ta nuna matarsa Saude ce ta zo ranar Asabar, da bandar tarwaɗa huɗu. Sufeto ya hau babur zuwa Auyo, ya same ta tana shanyar shinkafa.

"Wa ya yi bandar kifin?"

"A kasuwar Haɗeja na saya."

"Wurin wa?"

Sai ta juya tana kallon gidan surukarta da ke daura da nasu.

A gindin wata tsamiya Sufeto ya kunna wayar. Abu ɗaya ne a ciki, muryar tsohuwa tana numfashi da ƙyar.

"Haladu, ni ce Inna. Ruwa ya ja baya, an dasa shinkafa. Kwalekwalenka na nan, na hana kowa taɓawa. Na yafe maka, ka ji? Ina son in gan ka, amma ƙafa ta ƙi."

Can ƙasa-ƙasa wani namiji ya ce, "Inna, ɗaga murya, Yaya ba zai ji ba."

Sau biyu Sufeto ya saurara. Rabonsa da tasa uwar a garin Guri tun Sallar layya.

Ƙani ɗaya Haladu ke da shi, Tasi'u. Sufeto ya iske shi a bakin kogi yana juya kifi a kan murhun banda.

"Ban san zancen wata waya ba," in ji Tasi'u.

Sufeto ya kunna masa. Da muryar ta kai ƙarshe, Tasi'u ya zauna a ƙasa.

"Ni ne. Na tsaga cikin kifin na cusa, na ɗinke da zare. Saude ba ta sani ba sai daga baya. Sau ɗaya Inna ta iya zuwa, muka isa an rufe ziyara da minti biyar. Ta tsaya tana shafa bango. Ranar Alhamis aka yi bakwai ɗinta."

"Haladu ya san ta rasu?"

"Mun so ya fara jin muryarta."

Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya dai nuna masa bayan babur.

Tasi'u ya yayyafa wa garwashin ruwa, ya wanke hannu a kogi, sannan ya tambaya, "Yallaɓai, in alƙali ya ɗaure ni, gidan da Yaya yake za a kai ni?"

"Mai yiwuwa."

"To, mu je. Gara ya ji daga bakina, babu ƙarfen wurin ziyara a tsakaninmu."