Randar Tsibirin Tsakiya

Ku yaran yanzu, a ba ku amana ku ci, sannan ku zo kuna wa mutane dariya! To, ku zauna ku ji.

A zamanin da, wasu mutane na zaune a jerin tsibirai can cikin teku. A tsakiya akwai wani ɗan tsibiri, ba rijiya, ba ƙorama, sai randa ɗaya a gindin dutse. Mai ƙishi ya sha. Wanda ya zo da ruwa kuwa ya cika ta, ya yi ƙullin gidansu a igiyar da ke wuyanta, don kowane gida da irin ƙullinsa.

Ran nan wani masunci ya tarar da randar rabi. Yana son a yabe shi, amma ba ya son rabuwa da ruwan gorarsa. Sai ya cika ta da ruwan teku, ya yi ƙulli, ya tafi.

Kashegari ƙanwar uwarsa ta biyo da jikanta a kwalekwale, gorarsu a bushe. Yaron ya sha, ya yi ta amai. Da ƙyar ta kai shi gida da rai.

Ta kawo igiyar gaban jama'a, ta nuna wa masuncin ƙulli na ƙarshe, ta ce, "Ɗana, ƙullin wane gida ne wannan?"

Masunci ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Namu ne, Inna."

Ta ce, "Da ka bar ta rabi, da ta ishe mu."

Ba a buge shi ba, ba a kore shi ba. Amma har ya tsufa, ba wanda ya sake karɓar ruwa daga hannunsa, ko da 'ya'yan cikinsa.