Tukunya Mai Dangwalen Yatsa Uku

Da safiyar Laraba aka tarar da ɗakin ajiyar masu tono a buɗe, can bayan garin Wara, tukunya ɗaya ta yi ƙafa. Dakta Asma'u, wadda ta zo daga jami'a don gano shekarun tsohuwar ganuwar kan dutse da tudun kaburburan gindinta, ita ta kira Sajan Tanimu.

To, shi Tanimu akwai gaggawa, Allah ya sani. Kafin hantsi ya garƙame Andrew lebura mai riƙon makulli, har da mari.

"Oga, makullin nan kan ƙusa yake rataye, kowa ya sani," in ji Andrew.

"Rufe min baki!"

Aka kawo Kabiru dillalin kayan da. Ya leƙa ɗakin, ya yi dariya. "Haba Sajan! In ni ne, sai in bar mundayen tagulla in ɗau fasasshiyar tukunya?"

Maganar ta tsaya wa Tanimu a rai. Ya nemi hoton tukunyar.

"Ita ta rikita min aiki," in ji Dakta. "Gwajin gawayi ya nuna tudun ya haura shekara ɗari takwas. Amma adon wannan da totuwa aka murza shi, masara kuwa ba ta iso ƙasar nan ba a lokacin."

A wuyan tukunyar akwai dangwalen yatsa uku a jere. Tanimu ya gane alamar nan take. Tun yana rarrafe yake shan ruwan randa mai wannan alama, mai randar kuwa, mahaifiyarsa, kullum tana kawo wa leburori kunu, ta san ƙusar sarai.

Ya same ta tana tsintar wake. "Inna, ina tukunyar?"

Inna Barakatu ba ta ɗago ba. "Na mai da ta inda ta hito. Ni na gina ta ina budurwa. Shekarar da ruwan Kainji ya ci garinmu muka kwaso ƙasusuwan uwata a cikinta, muka binne ta kan tudu wurin mutanen da, yadda iyayenmu ka yi."

"Mi ya hana ki gaya min?"

"Da wane baki? Kai da ke faɗa wa duniya kakanninka malamai ne daga Sakkwato?"

Ai sai Sajan ya rasa inda zai sa idonsa. Ya koma ofis, ya buɗe wa Andrew da hannunsa, ga Dakta, ga abokan aiki. Ya cire hula.

"Ka yafe min marin nan, ɗan'uwa."

Andrew ya shafa kunci. "To wane ne ɓarawon, Oga?"

Tanimu ya daɗe yana murza hular. "Ba wanda ya yi sata. Mai tukunya ce ta ɗau abinta." Ya juya ga Dakta. "Rubuta: tudun tsoho ne, tukunyar ba ta kai shekara sittin ba. Kakata ce a ciki."