Gungumen Zaitun a Ƙofar Kaka Rosaria

Ranar markaɗen tumatir Loredana ta fara ganinsa. Tana tsugune a tsakar gidan kakarta tana wanke kwalabe, hannunta duk kumfa, sai ga wata 'yar mota mai ƙafa uku ta hauro tudun unguwar tana tari. Wani dogon saurayi ya fito ya fara sauke kwandunan tumatir.

"Kaka Rosaria, ga kayanki," in ji shi. "Ina kika samo mai wanke kwalba kamar tana tsoron ta cije ta?"

"Jikata ce, marar kunya. Jiya suka iso daga birnin Torino." Tsohuwar ta juyo daga kan kujerarta ta guragu. "Loredana, wannan Saverio ne, ɗan marigayi Vito mai gonar bakin rafi. Kada ki kula shi, bakinsa ya fi gonarsa albarka."

Loredana ta ɗaga kai za ta rama, idonsu ya haɗu, maganar ta ɓace mata. Kwalbar ta suɓuce ta faɗa ruwa.

Duk watan Agusta, in masana'antar da mahaifinta Canio yake aiki ta rufe, sai ya kwaso ta da mahaifiyarta su yini a hanya zuwa garinsu na asali, Pietrafonda. Tana ƙarama takan ƙosa a koma. Bana kuwa ta gama karatun jinya, kuma karon farko ta ji hutun ya yi mata kaɗan.

Saverio bai tafi ba ranar. Ya ce injin markaɗen yana da taurin kai, sai wanda ya san halinsa. Ya tsaya yana juyawa, ita tana zuba tumatir.

"A hankali, 'Yar birni. Ba allura za ki yi masa ba."

"Ka ci gaba, Mai tumatir. Wata rana za ka zo hannuna, in zaɓo maka wadda ta fi tsawo."

Canio yana can yana iza wuta a ƙarƙashin gangar dafa kwalabe. Kowace dariya ta tashi sai ya waiwayo.

Daga nan kullum da yamma, in mutane sun fito zaga dandali, sai ta iske shi a jikin famfo da 'ya'yan ɓaure a cikin hularsa. Ya kai ta gonarsa, ya nuna mata itatuwan zaitun da kakansa ya dasa, kowanne da sunansa. Suna rabuwa saƙo yake biyo ta.

"'Yar birni, kin bar ƙamshinki a motata. Tumatir ɗina sun ce ba su yarda a sayar da su ba."

"Ka gaishe su. Ka ce musu mai ƙamshin ma ba ta bar motar da son ranta ba."

Rannan suna cin taliya, Canio ya ajiye cokali.

"Lori, yaron nan na Vito. Ina fata dai wasan hutu ne."

"In ba wasa ba ne fa, Baba?"

"Kin san dalilin da na bar garin nan? Ƙanƙara ɗaya ta sauko, aikin shekara ya kwanta a ƙasa, babana ya zauna a bakin gona bai sake zama mutum ba. Dubi ƙafafun kakarki. Ban tsaya a gaban inji duk ƙuruciyata don ki dawo ki tsinci zaitun a durƙushe ba."

"Ƙafafuna ba su kai ƙara wurinka ba," in ji Kaka Rosaria. "Ci abincinka."

Washegari Loredana ta hango tsohuwar ta kamo kunnen Saverio tana raɗa masa wani abu, shi kuma fuskarsa ta yi ja. Ta tambaya, suka ce maganar takin gona suke yi.

Ana gobe bikin tsakiyar Agusta saƙonsa ya shigo.

"Gobe da sassafe ki leƙa ƙofarku, masoyiyata. Abin da bakina ya kasa faɗa, can zan ajiye miki shi."

Gari na wayewa ta sauko ba takalmi. Ta iske ƙofa a buɗe, mahaifinta yana share dakali, zufa ta jiƙa masa riga.

"Baba, ba a kawo komai ba?"

"Kamar me?"

Daga ɗaki Kaka ta ɗaga murya. "Canio, me ka gani a ƙofar?"

"Ba komai, Inna. Ganye ne iska ta taro."

Tsohuwar ta ce a hankali, "Ashe matsoraci ne. Na yi zaton jinin Vito ya fi haka."

Kafin a kaɗa ƙararrawar coci wata jar mota ta tsaya. Ettore ne, ɗan abokin aikin Canio, mai aikin ofis a Torino, wanda Canio ya gayyato cin abincin biki bai gaya wa kowa ba. Yaro ne mai ladabi, ba shi da laifi. Canio ya matsa sai an zaga da baƙo. Suka ratsa dandali, Ettore a gefen Loredana. Tsofaffin da ke zaune a bakin famfo suka yi tsit, ɗaya ya ƙyalƙyale da dariya, na kusa da shi ya zungure shi.

Suna tsakiyar cin abinci wayarta ta yi ƙara, saƙon Saverio ne.

"Na ga amsarku, duk gari ma ya gani. Na kuma ga dalili, jar mota ce. Allah Ya ba ki wanda ya fi ni."

"Wace amsa? Na leƙa ƙofa ban ga komai ba."

Shiru. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira da yamma, wayar a kashe. Zuciya ta ɗebe ta, ta rubuta abin da daga baya ta yi ta da-na-sanin rubuta shi.

"In ka gaji da wasan hutu ne, da ka faɗa kai tsaye. Gaskiyar Baba ce a kanku. Sai wata rana."

Kwana kaɗan suka koma Torino. A mota Canio ya yi ta surutu, ya saya mata cakulan a hanya kamar tana yarinya. Ba ta ci ba.

Ta samu aiki a asibiti. Ta fita da Ettore 'yan lokuta don ran mahaifinta, daga baya ta ba shi haƙuri. In ta dawo daga aiki ta buɗe kwalbar markaɗen da suka taho da ita, sai ƙamshin tsakar gidan nan ya cika mata ido da hawaye.

Cikin sanyi Kaka Rosaria ta rasu. Saverio yana cikin masu ɗaukar akwatin gawa. A ƙofar makabarta ya miƙa wa Canio hannu, ya dubi ƙasa ya ce wa Loredana, "Allah Ya ba ku haƙuri," ya wuce. Ko sunanta bai kira ba.

Da Agusta ta zagayo suka dawo, don su yi markaɗe na ƙarshe su rufe gidan. Wani ne daban ya kawo tumatir. Ana cikin dafa kwalabe itace ya ƙare, aka aiki Loredana gidan maƙwabciya, Gwaggo Assunta, wadda gidanta yake gindin tudu kusa da famfo.

A kusurwar rumfar itacen ta ga wani ƙaton gungumen zaitun, an kankare shi tsaf, an ɗaura masa jan ƙyalle da ya koɗe. Ta kai hannu.

"Ban da wannan," in ji Gwaggo Assunta. "Wannan ai naki ne. Sanyin bana ya gasa ni, amma na kasa sa shi a wuta."

"Nawa kamar yaya, Gwaggo?"

Tsohuwar ta ƙura mata ido. "Kina nufin ba ki sani ba? Wayyo ni. Mu duk mun ɗauka da yawunki aka yi." Ta zauna a kan bokiti. "A zamaninmu saurayi ba ya buɗe baki ya nemi aure. Gungume yake kaiwa ƙofar gidan yarinya. In an shigar da shi ciki, an ba shi. In an gangarar da shi titi, an hana shi, kuma ba mai sake tayar da maganar. Da gungume kakanki ya samu Rosaria, ita ta ba yaron nan shawara. Ni kuwa ina buɗe taga na ga babanki ya turo shi da ƙafa, ya gangaro har bakin famfo. Kafin in ɗauke, rabin gari ya gani. Rosaria kaɗai muka ɓoye wa, don kada ranta ya ɓaci."

Loredana ta juya gungumen. A ƙasansa an sassaƙa sunanta da ƙananan haruffa, da wuƙar askin itace.

Ta hau tudun ba itace a hannunta. Canio yana ganin fuskarta ya ajiye sandar iza wuta.

"Ganye ne iska ta taro, ko Baba?"

Ya nemi wuri ya zauna, sai ya ga kujerar mahaifiyarsa ce, ya fasa, ya tsaya a tsaye.

"Tsoro na ji, Lori. Na fito na gan shi da jan ƙyallensa, sai na ga kamar ke ce a durƙushe cikin taɓo. Na ce wata biyu ki manta."

"Na manta?"

"Ba ki manta ba. Kullum ina jin kukanki ta bango."

"Ni zan iya yafewa, Baba. Amma Kaka ta tafi tana ce masa matsoraci. Ni kuma na rubuta masa cewa gaskiyarka ce."

Canio ya daɗe yana kallon kujerar. Sai ya cire rigar aikin da ya ɗaura, ya sauka tudun. Loredana da mahaifiyarta suka bi shi.

Mutumin da likita ya hana ɗaukar ko buhun gari saboda ciwon baya, shi ne ya durƙusa a rumfar Gwaggo Assunta ya saɓa gungumen a kafaɗa. Ya miƙe da ƙyar. Lokacin zagayen yamma ne, dandali cike. Ya tsaya a bakin famfo, ya yi kiran da iyaye suke yi a da.

"Wa ya ajiye wa 'yata gungume?"

"Canio, ka makara da shekara guda," in ji wani tsoho.

"Bayanka zai gaya maka gobe," in ji wani.

Bai kula su ba. Ya sake kira. Saverio yana ƙofar shagon kofi da kwando a hannu. Ya dubi gungumen, ya dubi Loredana. Ta gyaɗa masa kai, hawaye yana zuba.

"Ni ne, Kawu Canio."

"To, ɗana, ita ba ta taɓa ganinsa ba sai yau. Ni na tura shi. Zo ka ga inda zan kai shi."

Saverio ya matso zai karɓa, Canio ya ce a'a, wanda ya gangarar shi zai hayar. Ya huta a hanya ba sau ɗaya ba, gari yana biye da shi, har ya tsallake dakalin ya dire gungumen a gaban murhu.

A tsakar gida, cikin hayaƙi da ƙamshin tumatir, suka tsaya su biyu.

"Me ya hana ka ɗaukar waya, Mai tumatir?"

"Kunya da girman kai. Saƙonki na ƙarshe har yanzu yana nan, kullum sai na karanta shi in hukunta kaina."

"Ba ni in goge."

"Goge, 'Yar birni. Ki rubuta wani."

Ta karɓi wayarsa ta goge, ta ɗauki tata ta rubuta, yana tsaye a gabanta.

"An shigar da shi ciki. Ni ma ina ciki, har abada."

Ba a rufe gidan ba. Loredana ta nemi canji zuwa asibitin garin da ke kusa, aka ɗaura aure bayan an gama tsinkar zaitun. Canio ne ya riƙo hannunta har gaban limamin coci, yana tafiya a karkace, yana tambayarta ko rufin ɗakin baya ba ya yoyo, ko motar nan mai ƙafa uku tana da birki.

A wurin walima aka kawo taliya da miyar kwalaben ƙarshe da Kaka Rosaria ta toshe da hannunta, a hutun da suka haɗu. Canio ya kai cokali ɗaya baki, ya ajiye. Ya miƙe da kofinsa, ya dubi kujerar da aka ajiye kusa da murhu, gungumen yana gefenta da sabon jan ƙyalle.

"Inna, ba matsoraci ba ne," in ji shi. "Matsoracin ɗanki ne."

Sannan ya juya ga ango da amarya, ya dafa kawunansu.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Ya tsare gonarku daga ƙanƙara. In kuma ta sauko, Ya sa ta same ku tare."

Kowa ya ce amin. Loredana ta kamo hannun mahaifinta ta riƙe, ba ta saki ba har aka fara kiɗa.