Tibi ta Uku

Amarya na durƙushe a falo tana goge teburin talabijin, sai ta ji maigidan ya ja tsaki daga kan kujera. An daɗe da bikinsu, amma dangin miji ba su daina kiranta Amarya ba. Shi kuwa kowa Tela yake ce masa, saboda sana'arsa.

"Wannan ma an cuce mu," ya ce. "Dubi fuskar mai karanta labarai, dishi-dishi kamar an shafa wa gilashin mai."

Ta ɗaga kai ta duba. Fuskar mutumin tas take, har zufar goshinsa ana gani. Wannan ita ce tibi ta biyu. Ta farko ya mayar da ita wai kalarta ta koɗe, ya yi ciko ya karɓo wannan.

"Ko za ka ƙara haske da rimot?"

"Na ƙara har ƙarshe. Gobe ki shirya ki raka ni. Na sayar da keken zubi, ta gaske za mu ɗauko, a huta."

Keken ɗinkin nan shi ne ƙarfin shagonsa. Amma ta haɗiye maganar, ta ce Allah ya kai mu.

Washegari mai shagon sayar da tibi ya tarbe su da fara'a, ya jera musu manyan guda uku a bango, duk hoto ɗaya suke nunawa: wata mata da farar riga a bakin ruwa.

"Madam, ki duba da kyau. Wannan ta farko haske ne ƙarfinta, ko rana na shiga falonku ba ruwanta. Ta tsakiya kwalitinta daidai kuɗinta, ga waranti, ita nake ba ɗan'uwana. Amma wannan siririyar ita ce uwarsu. Baƙinta baƙi ne wuluk, farinta fari fat. Tsada gare ta, ba na ɓoye muku, sai dai kuɗinku ba za su yi kuka ba."

Tela ya matsa kusa da ta farko, ya kare ido da hannu.

"Wannan kashe ido take yi."

Ya koma ga siririyar, ya daɗe yana kallo.

"Kai kuma ka ce fari fat. Rigar matar nan ai rawaya ce. Duk ukun rawaya suke nunawa."

Mai shago ya buɗe baki zai yi dariya, ma'aikatansa ma sun juyo. A nan komai ya haɗu wa Amarya: baƙin yadin da ya ɗinke da shuɗin zare, da yadda yake laluben takalmi a bakin ƙofa. Ashe ba tibi ce ke da ciwo ba.

Kafin dariyar ta fito ta tari numfashin mutumin.

"Zolayarka yake yi, ni yake karewa. Ni ce ba su yi min ba — ko ɗaya. Mu tafi."

"Har siririyar, Madam? To sai dai ki jira wadda ba a ƙera ba."

Sai da suka shiga gida ta rufe ƙofa sannan ta riƙe hannunsa.

"Rigar nan fara ce."

Ya janye hannunsa. Can ya zauna a ƙasa kamar an zare masa laka.

"Na daɗe ina zargi. Ina ta fatan laifin tibin ne." Ya ɗago kai. "Tela ba ido, wa zai kawo masa ɗinki? Ki rufa min asiri, don Allah. Ko Hajiyata kada ta ji, hawan jininta ya ishe ta."

"Zan rufa. Amma mu je asibiti."

"Zan je. Ki ba ni lokaci."

Lokacin ya yi ta ja. Kullum da safe kafin ya fita sai ta zura masa allurai ta soka su a jikin tsumma, ta jera zare kala-kala a tsarin da ya haddace. Kullum sai ta roƙe shi batun asibiti, kullum tsoron abin da likita zai faɗa ya hana shi.

A waje kuwa magana ta riga ta yi fiffike. Mai shagon abokin mijin Yaya ne, babbar yayar Tela. Ranar da Yaya ta zo ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba.

"Sannu, uwar 'yan gayu. An ce tibin da ta fi kowacce tsada ma kin raina. A gidanku wacce iri kuka bari? Kin sa ƙanina ya sayar da keke, saura me, rigar jikinsa?"

"Ki yi haƙuri, Yaya."

"Haƙuri ai mu muke yi."

Bayan ta fita Amarya ta kifa kai a kan sallaya ta yi kuka mai isarta. Abin da ya fi mata zafi shi ne Tela yana ɗaki yana ji, bai fito ba.

Ba a jima ba Hajiya, mahaifiyarsa, ta aiko su zo su biyu. Suka same ta a ɗakinta da mayafi a cinya tana son kama inda ya yage, Yaya na gefe ta harɗe ƙafa. Suka durƙusa suka gaishe ta.

"Ni ba mai raba aure ba ce," Hajiya ta fara, tana ta fama da allura. "Amma ban haife ka don mace ta talauta ka a kan akwatin kallo ba. Ta tattara ta je gidansu, in ta koyi godiyar Allah ma yi magana. Kina da ta cewa?"

Amarya ta dubi mijinta. Kansa na ƙasa. Hawaye suka zubo mata.

"Babu, Hajiya."

"To shi ke nan. Kai ungo, zura min, idona ba ya gani."

Ta miƙa masa allura da zare yadda ta saba tun yana koyon ɗinki. Ya karɓa. Ya lashi bakin zaren ya kai, zaren ya wuce ta gefe, nesa da allurar. Ya sake. Amarya ba ta san lokacin da hannunta ya miƙa ba — sabo — ta karɓa ta zura, ta ɗaure bakin, ta saka masa tsakanin yatsu ta danna don ya ji ya riƙe.

Hajiya ta bi hannayensu da kallo.

"Tun yaushe?" Hajiya ta tambaya a hankali.

Tela ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

"Hajiya, ni ne ba na gani. Tibi ba ta taɓa cewa tana so ba. Ni na yi ta canzawa, ita ta ɗauki zagin don kada a yi min dariya. Na ji tsoro na bar ta da ku."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Mayafin ya zame daga cinyar Hajiya. Ta daɗe tana kallon surukarta. "'Yar nan, ina korar ki kina ji, kika ce babu?"

"Amana ya ba ni, Hajiya."

Yaya ta sauke ƙafarta, ta rasa inda za ta sa ido.

Hajiya da kanta ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ce yanar ido ce a na dama, za ta ciru, amma na hagu wani ciwo ya riga ya ci jijiyarsa, an makara. Amarya ta yi kukan wannan fiye da kukan duk zagin da ta sha, tana cewa da ma ta fi matsa masa.

Bayan an yi masa aiki, ranar da aka cire auduga, ita ya fara nema da idon da ya rage.

"Haka kika rame ban sani ba? Ki yafe min."

"Na yafe tun ba ka roƙa ba."

Hajiya ta jawo ta jikinta. Daga ranar 'yata take ce mata, kuma ba wanda ya ƙara ɗaga mata murya a gidan, har Yaya.

Jama'a, kada ku yanke wa mutum hukunci da abin da kuka hango, wani shirun da kuke ganin rashin kunya ne, kayan wani yake ɗauke da shi. Mai rufa asirin mijinta Allah ba ya barin nata a waje. Amma ku maza, ciwo ba abin ɓoyo ba ne. Haƙurin Amarya ya dawo mata da gidanta, idon hagu kuwa ya tafi ke nan.